Shin akwai maganin da ke "gyara ADN"? Yadda jiki ke gyara kansa, da inda sankara ke samun ƙofa

Da wuya yanzu ka buɗe wani zauren WhatsApp a Yamai ba ka ci karo da tallar kafso ko garin sha da aka ce yana "gyara ADN" kuma yana hana sankara ba. A ɗaya gefen ga saƙonnin tsoratarwa, wai dogayen ƙarafan kamfanonin salula suna ƙona ADN, wai allurar rigakafi tana sauya shi. Duk watan Oktoba, da an shiga yekuwar sankarar mama, sai maganganun su sake tasowa a fada da wuraren biki. Shin ADN yana lalacewa da gaske? In yana lalacewa, wa ke gyara shi? Kuma akwai abin da mutum zai sa kuɗi ya saya don gyaran ya yi kyau?

Yana lalacewa, kowace rana, a jikin kowa, har jaririn da aka haifa jiya. Jiki kuma yana da masu gyaransa da ba sa hutawa. Wanda ya fahimci yadda suke aiki zai gane abin da ya cancanci tsoro da abin da bai cancanta ba, kuma a ganina mun fi jin tsoron abubuwan da ba su kai ba, muna sakaci da waɗanda ke cikin rumbu da tukunya.

Mene ne ADN, kuma me ke taɓa shi?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira sel, kusan tiriliyan 30. In ka ɗebe jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowane sel yana ɗauke da cikakken umarnin gina mutum da tafiyar da shi. Wannan umarni shi ne ADN, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira DNA. Zare biyu ne murɗe da juna, an jera musu sinadarai iri huɗu da masana suka yi wa laƙabi da haruffa: A, T, G, C. Haruffan da muka gada daga uwa sun kai biliyan 3, haka ma na uba. Da za a warware na sel ɗaya a miƙe shi, zai yi kusan mita 2.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne haruffan ba sa zama barkatai. In A na kan zare ɗaya, T ne ke fuskantarsa a ɗayan. In G ne, C ne abokinsa. Saboda haka duk lokacin da zare ɗaya ya samu matsala, ɗayan yana nan yana faɗin abin da ya kamata a ce yana wurin. Kusan duk gyaran da za mu yi magana a kai a kan wannan ya dogara.

An daɗe ana zaton ADN abu ne mai ƙarko wanda ba ya motsi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Tomas Lindahl, shi ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa ba haka ba ne. Ruwan da ke cikin sel da ɗumin jiki kawai sun isa su sa haruffa kusan 10,000 su ɓalle daga ADN na sel ɗaya a rana guda. Ga kuma iskar oksijin da muke shaƙa: yayin da sel ke ƙona abinci don samun ƙarfi, yana fitar da wasu burbushi masu zafin nama da ke cizon haruffan. Wato rayuwa kanta tana taɓa ADN tun kafin a zo ga taba ko guba. Lindahl ya ce in haka ne, da babu gyara da babu mai rai, sai ya shiga neman masu gyaran.

Masu gyara, kowa da fanninsa

A 1974 ya gano na farko. Harafin C yakan rikiɗe da kansa ya koma wani sinadari da ake kira U, wanda ba shi da gurbi a cikin ADN. Akwai wani furotin, wato ɗaya daga cikin sinadaran da sel ke ƙerawa su yi masa aiki, da aikinsa ke nan, ya bi zaren yana lalube, da ya taɓa U sai ya cire shi. Wani ya zo ya share gurbin, wani ya duba ɗaya zaren ya ga G, ya san C ne ya ɓata ya mayar, na ƙarshe ya liƙe. Wannan ita ce hanyar ƙananan raunuka, harafi ɗaya-ɗaya, kuma ita ta fi yawan aiki.

Hanya ta biyu ta manyan raunuka ce, waɗanda ke lanƙwasa zaren. Hasken rana yana da wani ɓangare da ido ba ya gani, UV, wanda in ya ratsa fata yakan manne T biyu da ke maƙwabtaka. Hayaƙin taba kuma yana da sinadaran da ke maƙalewa a jikin G. A nan ba harafi ɗaya ake cirewa ba. Ana yanka ta gaba da ta baya, a ɗauke guntu mai haruffa kusan 30, a sake rubuta shi daga ɗaya zaren. Aziz Sancar, ɗan wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin Turkiyya wanda ya fara da aikin likita a karkara, shi ya fayyace matakan wannan hanya.

Ta uku tana aiki ne lokacin da sel zai rabu biyu, domin dole ya kwafe ADN ɗinsa kaf. Mai kwafar yana da tsananin kula, har yana komawa baya ya gyara kansa, amma wani kuskuren yakan kuɓuce masa. Sai wasu su biyo sahunsa suna neman inda haruffa ba su dace da abokansu ba. Paul Modrich na Amurka ya nuna wannan bin sahu yana rage kurakurai kusan sau 1,000. Su ukun nan aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015.

Mafi muni shi ne zaren biyu su tsinke wuri ɗaya, don babu wanda zai yi wa ɗan'uwansa shaida. Sel yana da dabara biyu. Ko ya yi gaggawar haɗa bakunan, wanda sau da yawa wasu haruffa kan salwanta a mahaɗar, ko kuma, in ya riga ya yi kwafe, ya nemo kwafin ya cike gurbin daidai. Dabara ta biyun tana buƙatar wasu furotin biyu, BRCA1 da BRCA2. Za mu dawo kansu.

Rauni daban, sauyi daban

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake. A ɗauki tsohon littafin ajami da malamai ke kwafa da hannu daga na wani. In ruwa ya ɗiga a shafi tawada ta baje, duk wanda ya duba zai ga an samu ɓarna, sai a ɗauko wani kwafin a gyara. Amma in mai kwafa ya iske wurin a baje, ya yi hasashe ya rubuta wani harafi daban da kyakkyawan hannu, shi ke nan. Wanda zai kwafa daga gare shi ba zai ga aibu ba, zai ɗauka haka marubucin ya ce, ya miƙa wa na gaba.

Tawadar da ta baje ita ce rauni, kuma ana gyara shi. Harafin da aka rubuta tsaf amma ba shi ba ne, shi ne sauyi. Da zarar sel ya kwafe rauni kafin a gyara, zaren biyu sun daidaita a kan kuskure, masu gyara za su wuce ta wurin ba su ga komai ba. Duk sel ɗin da ya fito daga wannan zai gaji sauyin. Shi ya sa jikin mai amosanin jini, wato sikila, ba ya gyara cutar da kansa ko da masu gyaransa lafiya lau suke: harafi ɗaya ne ya sauya, amma a rubuce yake tsaf tun daga iyaye.

Yawancin sauye-sauyen ba sa yin komai, don suna faɗawa inda ba a karantawa. Matsala tana zuwa ne in sun faɗa kan sassan da ke gaya wa sel yaushe zai rabu da yaushe zai tsaya. Ko a nan ɗin ma akwai wani shinge, furotin mai suna p53 da aka gano a 1979. In rauni ya yi yawa, shi ke tsayar da sel har a gama gyara, in abin ya fi ƙarfin gyara ya umarce shi ya kashe kansa. A kusan rabin dukan sankarorin ɗan Adam, an iske p53 ɗin kansa ne ya lalace.

Don haka sankara ba ta faɗowa dare ɗaya. Sai sauyi ya hau kan sauyi a cikin zuriyar sel guda, shekara da shekaru, har birki ya tsinke. Wannan ne dalilin da ya sa ta fi kama manya, kuma shi ne dalilin da ya sa mutum biyu za su sha taba tare, ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Kowane rauni ƙarin dama ne ga kuskure, ba hukunci ba ne.

Gujiya mai fumfuna da ciwon hanta

In aka ce in zaɓi abu guda da ya fi shafar mu a wannan batu, wannan zan ɗauka. Sankarar hanta tana cikin waɗanda suka fi kashe maza a Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma sau da yawa mazan ba tsofaffi ba ne, magidanta ne masu ƙananan yara.

Akwai wata fumfuna da ke kama gujiya da masara in fari ya matsa musu a gona, ko an tara su ba su gama bushewa ba, ko ƙwari sun huda su a buhu. Tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gujiya da aka ba su. Idan mutum ya ci, hanta tana ƙoƙarin sarrafa gubar, a garin haka sai ta mayar da ita wani abu da ke manne wa harafin G. In ba a cire shi a kan lokaci ba, wajen kwafa sai G ya koma T. Abin tashin hankalin shi ne wannan sauyi yana yawan faɗawa a wani gurbi guda cikin umarnin p53, gurbi na 249. Tun 1991 masana suka ga wannan tambari a sankarar hantar mutanen wani yanki na Sin da na kudancin Afirka, daga baya aka gan shi a Gambiya. Gubar tana kashe mai tsaron ne da kansa.

Sai a haɗa da ciwon hanta nau'in B. Birus ɗin da ke kawo shi, wato ƙwayar cutar, yana sa hanta cikin kumburi na shekaru, sel suna mutuwa ana maye gurbinsu, kwafa a kan kwafa, lokacin gyara yana ƙaranci. Wanda ke ɗauke da birus ɗin kuma yana cin aflatoksin, haɗarinsa ya ninka na mai fama da ɗaya kawai sau da yawa. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa kuwa, cikin 10 kusan 9 za su riƙe birus ɗin har girma, ba tare da wata alama ba.

Dubi yadda ake yi a gidajenmu. Mace ta zauna da tiya biyu na gujiya a faifai tana tsincewa. Masu kyau, manya, su ne na kai wa kasuwa. Waɗanda suka yamutse, suka yi baƙi-baƙi ko kore-kore, masu ɗaci a baki, ba a zubarwa, don zubar da abinci ba tarbiyyarmu ba ce. Su ake niƙawa a yi ƙuli-ƙuli ko a zuba a miya, ko a miƙa wa yara, ko a watsa wa akuya. Suya da tafasa ba sa kashe wannan guba, kuma dabbar da ta ci tana fitar da wani kaso a nononta. Ba na ganin laifin matar, talauci ne da rashin wanda ya taɓa gaya mata. Amma waɗannan ƴan ƙwayoyin da ta ware su ne suka tattara mafi yawan gubar.

Maganin ba mai tsada ba ne. A wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Gine aka wallafa a 2005, an koya wa manoma tsince gujiya da hannu, shanya ta a tabarma maimakon ƙasa har ta bushe sarai, zuba ta a buhun algarara mai shan iska, da ɗora buhunan kan katako. Gubar da aka auna a jininsu ta ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da ƙauyukan da ba a yi haka ba. Rigakafin ciwon hanta B kuma yana cikin allurar penta da ake yi wa jarirai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Taiwan ta fara yi wa jariranta a 1984, kuma sankarar hanta ta ragu ƙwarai a cikin waɗanda aka yi wa. Babba kuma gwajin jini ɗaya zai nuna masa matsayinsa.

Sauran masu ƙara wa gyara nauyi

Hayaƙin taba yana da sinadarai kusan 70 da aka tabbatar suna jawo sankara. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa mai shan kwali ɗaya kullum yana tara sabbin sauye-sauye kusan 150 a kowane sel na huhunsa duk shekara. Shisha da samari ke zagayawa da ita a fada ba ta tsira ba, ruwan ba ya tace waɗannan sinadarai, ga hayaƙin gawayi a kai. Giya tana komawa wani sinadari a jiki da ke manne zaren ADN. Hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki shi ma abin ragewa ne.

Sankarar bakin mahaifa hanyarta daban. Birus ɗin HPV yana ƙera wani furotin da ke rusa p53, sai sel ya ci gaba da rabuwa da raunukansa. Nau'i biyu kawai, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, kuma akwai rigakafinsu da ake so a yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Salula fa? Igiyoyin da take aiki da su ba su da ƙarfin tsinka zaren ADN, ba kamar hasken da ke fita daga yuraniyom ko iskar radon da aka daɗe da sanin tana jawo sankarar huhu ga masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa ba. An shekara da shekaru ana bibiyar masu amfani da salula, kuma babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga alaƙa da sankarar ƙwaƙwalwa ba. Allurar korona ta mRNA kuwa ba ta shiga inda ADN yake, kuma jiki yana narkar da ita cikin kwanaki.

Idan an gaji raunin gyara

Wasu ana haifarsu da ɗaya daga cikin hanyoyin gyaran a gurgunce. Akwai yaran da hanyar cire raunin rana ba ta aiki a jikinsu, fatarsu takan cika da tabo tun suna ƙanana, sankarar fata ta kama su kafin su balaga. An fi ganin cutar a ƙasashen Magrib, inda auren zumunci ya yi yawa. Kada a haɗa su da zabiya. Zabiya masu gyaransa lafiya suke, abin da ya rasa shi ne melanin, launin da ke tare hasken UV kafin ya kai ga ADN. A ranar Tawa ta watan Afrilu, yaro zabiya da aka tura talla ko kiwo ba malfa ba doguwar riga, raunin da ke sauka a fatarsa ya fi ƙarfin kowane gyara. Inuwa, malfa, man kariya daga rana da duba duk gyambon da ya ƙi warkewa, su ne ke tsawaita ransa. Mai shafa man bilicin kuma ta sani wannan kariyar ce take kankarewa.

Mace da ta gaji BRCA1 ko BRCA2 mai lahani, haɗarin sankarar mama a tsawon rayuwarta yakan kai rabi ko fiye, ga na ƙwan mahaifa. Ana gadonsa ta wajen uba kamar yadda ake gadonsa ta wajen uwa. Ba matsalar Turawa kaɗai ba ce: binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya iske fiye da kashi 10 cikin 100 na matan da ke da sankarar mama suna ɗauke da ɗayan biyun. Duk da haka mafi yawan sankara ba gado ba ce. Amma in a gidanku an yi mata biyu ko uku da ita, musamman kafin shekara 50, ko namiji ya yi ta mama, wannan labari ne da ya kamata likita ya ji. Ɓoye shi don kada a ƙi auren ƴan gidan yana hana ƙannen da ke tasowa damar a gano tasu da wuri.

To, kafson fa?

Masu sayarwa suna da hujjar da ke kama da gaskiya. Suna cewa burbushin oksijin na lalata ADN, kayansu kuma na ɗauke da sinadaran da ke kashe burbushin. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyun an gwada shi a jikin mutane. A Finlan an ba dubban masu shan taba ƙwayar beta-karotin, ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai, na shekaru, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin a Amurka an dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan dalili. Babu wani kafso ko gari da aka tabbatar yana ƙara wa lafiyayyen mutum ƙarfin gyaran ADN, balle ya goge sauyin da ya riga ya zauna. Zogale, yakuwa, wake, tumatir da mangwaro abinci ne masu amfani, a ci su a matsayin abinci.

Sauya rubutun ADN da gangan yana yiwuwa, amma ba a cikin kwalba ba. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da ke amfani da fasahar CRISPR: ana ciro sel na ɓargo, a tsinka zaren a wani zaɓaɓɓen wuri, a bar gyaran gaggawa na sel ya kashe wani makunni, sai jiki ya koma ƙera irin jinin jarirai, wanda sauyin sikila bai shafa ba. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Abin da ke ci mini rai game da kafson bai tsaya ga jikkunan da ake karɓewa ba. Watannin da mace mai ƙullutu a mama take ɓatawa tana sha, su ne watannin da aikin tiyata zai iya cetonta.

Gashi da shimiyo: ɓarna da gangan

Sel na sankara ya kai inda ya kai ne don wasu hanyoyin gyaransa sun mutu, kuma wannan shi ne lagonsa. Gashi da na'ura, wato radiyoterapi, yana tsinka zaren ADN a daidai inda ƙarin yake. Yawancin magungunan shimiyo, wato masu kashe sel na sankara da ake ɗurawa a jini ko a sha, su ma ADN suke rauna wa ko su hana kwafarsa. Lafiyayyen sel yana tsayawa ya gyara, na sankara yana kutsawa cikin rabuwa da raunukansa ya mutu. Zubar gashi da ciwon baki da ake gani suna faruwa ne don sel na waɗannan wurare su ma masu saurin rabuwa ne, kuma galibi suna farfaɗowa bayan an gama. Akwai ma sabbin magunguna, irin olaparib da aka amince da shi a 2014, masu toshe hanyar gyaran da ta rage wa sankarar BRCA.

Maganar da ake yi cewa "daji ba ya son ƙarfe" ta samo asali ne daga abin da mutane suka gani da idonsu: an kai mara lafiya, an taɓa, ya rasu. Amma mafi yawa an kai shi ne bayan cutar ta riga ta bazu. Ƙarfen bai watsa ta ba, jinkirin ne ya ba ta fili.

Tun 2021 Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai ta samu sashen gashi, da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai an fita waje. Ana raba gashin kaɗan-kaɗan, kullum, na makonni, domin tazarar da ke tsakanin yau da gobe ita ce lafiyayyun sel ke gyara kansu a ciki, alhali na sankara ba sa cimma hakan. In aka tsallake kwanaki da yawa, ƙarin yana samun sarari ya sake tohowa. Ga wanda ya taso daga Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500, wannan yana nufin masauki, abinci da mai jinya na wata guda ko fiye a Yamai. Dangin da ke haɗa gudummawa su sa wannan a lissafi tun ranar farko, tare da kuɗin magani, don kada a yanke gashin a tsakiya saboda guzuri ya ƙare.